Kolajin na Kifin Teku: A Yi Lissafi Kafin a Taɓa Kuɗin Cefane

 

Jawabinmu na wannan karo ya shafi wani kaya da ya taso daga kasuwannin ƙasashen waje, ya biyo ta wayoyin salula, ta Facebook da WhatsApp da TikTok, har ya iso kantunan kayan kwalliya da jakunkunan dillalai masu shiga gidajen aure. Sunansa kolajin na kifin teku. Yakan zo a farin gari cikin gwangwani ko ƴan ledoji, yakan zo a ƙwayoyi, wani lokaci kuma a ruwa cikin ƙananan kwalabe. Masu tallarsa suna yi masa kirari da abubuwa uku: wai yana sa fata ta yi sumul ta koma ta ƙuruciya, wai yana tsawaita gashi ya hana shi zuba, wai kuma yana kawar da ciwon gwiwa da na sauran gaɓoɓi.

Wataƙila ku ce me ya haɗa shirin yaƙi da tamowa da kayan gyaran jiki. Dalilai biyu ne. Na farko, kuɗin sayensa da kuɗin hatsi da wake da mai daga aljihu ɗaya suke fita, kuma a gidaje da yawa aljihun nan ba shi da zurfi, balle a watannin da ke tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani kuwa bai iso gida ba. Na biyu, fata da gashi da gaɓoɓi su ne wuraren da ƙarancin abinci da wasu cututtuka ke fara nuna kansu. Wanda ya ga alama ya nufi kanti maimakon likita, ya ɓata kwanaki masu daraja, kuma a jikin ƙaramin yaro ƴan kwanaki sun isa su mayar da ƙaramin ciwo babba.

Mene ne kolajin?

Kun daɗe da sanin kolajin, sunan ne kawai baƙo. Idan kuka dafa ƙafar sa ko kan rago ko ganda har suka yi laushi, kuka bar romon ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe za ku tarar ya daskare yana rawa a kwano. Abin da ya daskarar da shi kolajin ne da wuta ta narkar daga fata da jijiyoyi da ƙashi. Haka nan fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har ƙasashen waje, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, dukawa su ɗinka takalma da jakunkuna da ita, ƙarfinta daga zaruruwan kolajin yake, waɗanda Allah ya saƙa su a jikin dabbar. Sunan kansa ya samo asali daga wata kalmar Girkanci mai nufin danƙo, domin tun zamanin da akan tafasa fatu da ƙasusuwa a sami abin liƙe katako.

A jikin ɗan Adam, kolajin wani nau'i ne na furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, kuma shi ya fi kowane furotin yawa: ya kusa kai kashi 30 cikin 100 na dukan furotin ɗin da ke jikinmu. Masana sun gano aƙalla iri 28 nasa. Iri na farko shi ya fi yawa a fata da ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Iri na biyu shi ke cikin guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa a gwiwa da ƙugu don kada su gogi juna. Idan shekaru suka fara nisa, jiki yakan rage ƙera shi, kolajin na fata ya riƙa raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Zafin rana mai yawa da hayaƙin taba suna hanzarta lalacewarsa. Daga nan tamoji ke fitowa a fuska da bayan hannu.

Jiki ne ke ƙera nasa

Duk furotin ɗin da mutum ya ci, na nama ne ko na wake ko na garin gwangwani, ciki da hanji sai sun farfasa shi zuwa ƙananan tubula da masana ke kira amino asid. Tubulan nan ne ke shiga jini, jiki ya kai su inda ya fi buƙata: ya ɗinke rauni, ya ƙera jini, ya gina tsoka, ya haɗa nono, ya yaƙi cuta. Kamar magini ne da ya rushe tsohuwar katanga, ya kwaɓa ƙasar, ya buga sabon tubali, ya ɗora shi inda ginin ya fi rauni. Cokalin gari da aka kaɗa a ruwa ba shi da wata hanya ta musamman da zai bi daga baki ya sauka a kumatu ko a gwiwa. Jikin da ke fama da yunwa kuwa ƙone shi zai yi don ya sami ƙarfin tafiya da aiki.

Kafin jiki ya saƙa kolajin mai ƙarfi, yana buƙatar isasshen furotin, da bitamin C, da sinadarin ƙarfe, da zinki. Tarihi ya nuna muhimmancin bitamin C ƙarara. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, matuƙan da suka yi watanni a teku ba ɗanyen ganye ba ƴaƴan itace sukan kamu da wata cuta da Faransawa ke kira scorbut: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, gaɓoɓi su yi ciwo, tsofaffin raunuka da suka warke su sake buɗewa. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu wannan cuta, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka farfaɗo cikin ƴan kwanaki. Daga baya aka gane cewa rashin bitamin C ne ke hana kolajin ɗin jiki ɗaurewa. Cutar ta sake ɓulla a shekarun 1980 a sansanonin ƴan gudun hijira na Somaliya da Habasha da Sudan, inda rabon abinci ya kasance galibi busasshen hatsi da mai. Abin lura a nan shi ne, maganin kolajin ɗin da ya lalace a jikin waɗannan mutane daga lambu ya fito.

Daga ina na sayarwa ke fitowa?

A masana'antun da ke yanka kifi suna ƙunshe tsokarsa don sayarwa, fata da ɓawo sukan rage tuli-tuli. Su ake wankewa, a dafa, a sa musu sinadaran da ke yayyanka zaren kolajin zuwa ƴan guntaye masu narkewa a ruwa, a busar, a zuba a gwangwani. Ko da yake an rubuta teku a jikin gwangwanin, wani kaso mai yawa na wannan gari daga fata da ɓawon karfasa ake yinsa, wadda ake kiwo a tafkunan ruwan daɗi, ƴar'uwar karfasar da masuntanmu ke kamawa. Akwai kuma kolajin na fatar shanu da na alade, shi ya sa masu talla ke ɗaga na kifi a gaban Musulmi. Sai dai a sani cewa ƙoƙon da ake ɗura garin a ciki idan ƙwaya ce, sau da yawa da narkakkiyar fatar dabba ake yinsa, kuma ba kowane kamfani ke faɗin wace dabba ba ce.

Wajibi ne ku san cewa irin wannan kaya a matsayin ƙarin abinci ake sayar da shi, dokokinsa kuwa sun fi na magani sassauci. A Amurka, bisa dokar 1994, kamfani ba ya buƙatar tabbatar wa hukumar abinci da magunguna cewa kayansa na aiki kafin ya kai shi kasuwa. Saboda haka rubutun da ke cewa an yi shi a Amurka ko a Turai bai zama shaidar warkarwa ba.

Abin da bincike ya nuna

Adalci shi ne a faɗi abin da aka gani duka. Game da fata, an yi gwaje-gwaje da dama inda aka ba mutane giram 2 da rabi zuwa giram 10 a rana har tsawon makonni 8 zuwa 12, wasu daga cikinsu kuma sun nuna ɗan ƙarin laima da taushi a fata idan an auna da na'ura. Amma yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, an yi su a kan mata manya masu ƙoshi, kuma da yawansu kamfanonin da ke sayar da garin ne suka biya kuɗinsu. A 2025 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun tattara gwaje-gwaje 23 suka duba su tare. Da suka ware waɗanda kamfanoni ba su sa kuɗi a ciki ba, sai amfanin da ake faɗi ya ɓace. Hukumar Tarayyar Turai mai kula da lafiyar abinci, EFSA, ta duba hujjojin da wasu kamfanoni suka gabatar, a 2011 game da gaɓoɓi, a 2013 game da fata, kuma duka sau biyun ta ce ba a tabbatar da abin da ake da'awa ba.

Game da gaɓoɓi, wasu gwaje-gwaje sun nuna ɗan sauƙin ciwo ga wasu masu ciwon gwiwa na tsufa, sauƙi kaɗan, kuma ba a nuna cewa guringuntsin da ya cinye yana dawowa ba. Ku tuna kuma fatar kifi iri na farko ce, guringuntsi kuwa da iri na biyu aka gina shi. Game da gashi, hujja ta fi ko'ina rauni, domin zaren gashi da farce da wani furotin dabam aka yi su, mai suna keratin. Shi kuwa man shafawa da aka rubuta kolajin a jikinsa, ƙwayar kolajin ta yi girman da ba ta iya ratsa fata. A sama take tsayawa ta riƙe laima, aikin da man kaɗe ke yi tun kaka da kakanni.

A taƙaice, ga lafiyayyen babba mai ƙoshi, garin kolajin na gaskiya ba a san shi da wata babbar illa ba, amfaninsa kuwa in ma akwai, ɗan kaɗan ne. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Mu yi lissafi da tiya

Gwangwani mai giram 300, idan ana shan giram 10 a rana, wata ɗaya zai yi wa mutum ɗaya. Tiyar wake ta kusa kilo 2 da rabi, kuma kusan kashi 23 cikin 100 na busasshen wake furotin ne. Ke nan tiya ɗaya tana ɗauke da fiye da giram 550 na furotin, kusan ninki biyu na abin da ke cikin gwangwanin, ga sinadarin ƙarfe da zinki da ƙarfin aiki a kai. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, don haka ƙwai biyu sun wuce cokalin rana guda.

A inganci ma akwai tazara. Akwai amino asid guda 9 da jiki ba ya iya ƙerawa, sai dai ya same su daga abinci. Kolajin ba shi da ɗaya daga cikinsu ko kaɗan, wato tiriftofan, wasu kuma kaɗan yake da su. Shi ya sa ba ya iya raya yaro, ba ya iya maye gurbin ƙwai ko nono ko kifi. Idan dillaliya ta faɗi muku kuɗin gwangwani, ku je kasuwa da wannan adadi a zuci, ku tambayi tiya nawa ta wake zai saya, ƙwai nawa, ƙuli-ƙuli nawa, busasshen kifi nawa, sa'an nan ku ƙirga bakunan da ke gida. Ƙasarmu Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Abin da jiki ke nema don ya saƙa kolajin ɗinsa yana cikin gonakinmu.

Idan alamar a jikin yaro take

Wannan shi ne sashen da muka fi so ku riƙe. Idan gashin yaro ya yi ja ko ya koɗe, ya yi laushi yana tsigewa ba wuya. Idan fatarsa tana yin duhu wuri-wuri tana saɓulewa kamar tsohon shafe a jikin bango. Idan ƙafafunsa ko fuskarsa sun kumbura. Idan ya daina wasa, ya ƙi abinci, yana yawan ƙananan koke-koke, to, waɗannan alamomin tamowa mai tsanani ne. Wata likita mai suna Cicely Williams, da ta yi aiki a Akara ta ƙasar Gana, ita ta bayyana wannan nau'in cuta a 1933, daga baya ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon da yaro ke yi idan an haifi ƙanensa. Ku da kuka san kwanika ko rurrutsa, da yayen gaggawa da ke biyo baya, kun gane abin da sunan ke nufi. Kumburin nan kan yaudari ido a zaci ƙiba ce, alhali ruwa ne ya taru.

Gwaji biyu kowace uwa za ta iya yi a ɗakinta. Na farko, ki danna bayan ƙafafun yaro biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku a hankali, ki saki. Idan rami ya zauna a duka ƙafafun, ki kai shi likita a ranar. Na biyu, awon damtse da igiyar nan mai launi uku, ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Idan ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Idan ta nuna rawaya, tsakanin 115 da 125, yaro ya kama hanya, a kai shi a duba. Kore shi ne lafiya, a ci gaba da aunawa. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram ne ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka nuna cewa iyaye mata da aka koya musu wannan awo suna gano yaransu da wuri, dabarar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Maganin tamowa yana likita, kuma an san yana aiki. Yaron da ke iya cin abinci, ba shi da wata cuta a kai, ana kula da shi a CRENAS da ke cikin CSI mafi kusa, ana ba uwa haɗin gujiya irin Plumpy'Nut ta tafi da shi gida, ta dawo awo kowane mako. Kowane ƙunshi giram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500, an haɗa shi da gujiya da garin madara da mai da sukari da bitamin da sauran sinadarai daidai buƙatar jikin da ya rame. A yunwar 2005, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi, galibi kuma a gidajensu da irin wannan haɗi. Yaron da ya ƙi ci, ko ya kumbura ƙwarai, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko gudawa ko tari mai tsanani, CRENI ake kwantar da shi. Haɗin nan magani ne na yaron da aka rubuta wa shi. Kada a raba shi da ƴan'uwansa, kada a kai shi kasuwa, kada kuma a haɗa masa da wani gari na kanti. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa, nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata.

Idan alamar a jikin babba take

Ke mai jego, zubar gashi da ke farawa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa al'ada ce ta jiki, yawanci takan tsaya da kanta kafin yaro ya shekara. Amma idan ta haɗu da kasala, da jiri, da bugun zuciya, da farin tafin hannu da farin cikin ido, to, a auna jini, domin ƙarancin jini ya yawaita a tsakanin matanmu. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki, masu sinadarin ƙarfe da folik asid, an tabbatar da amfaninsu ga uwa da abin da ke cikinta. Ki sha su kullum yadda aka umurce ki. Kitso mai tsauri da ke jan gaban goshi shi ma yana cinye gashi, maganinsa a sassauta hannu.

Game da fata, man canza launi yana cikin masu rusa kolajin a yau. Da yawansu suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi irin na kotizon, waɗanda ke sa fata ta sirance, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa. Wasu suna da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, ta kuma isa ga jariri a ciki ko ta nono. Ba shi da ma'ana mace ta shafa abin da ke rushe fatarta da dare, ta sayi gari da safe don ya gina ta. Barin man nan, da rufe jiki daga zafin rana, da shafa man kaɗe a lokacin hunturu, sun fi kowane gwangwani amfani.

Ciwon gaɓoɓi kuwa dalilansa da yawa. Akwai na tsufa da cinyewar guringuntsi, akwai na shekarun daka da jan guga da ɗaukar itace a ka, akwai na zazzaɓin cizon sauro, akwai na amosanin jini, wato sikila, wadda ke da cibiyar kula da masu ita a Yamai. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko yaron da ke yawan kukan ciwon ƙashi, ba a jira da su. Ga ciwon gwiwa na tsufa, abin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne tafiya a ƙasa daidai gwargwado, ƙarfafa tsokar cinya, rage ƙiba ga mai ita, da rage kaya mai nauyi. Ku magidanta, amalanken da zai ɗebo wa gida ruwa da itace ya fi wa gwiwar matanku da iyayenku alheri. Ku guji ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a faranti, domin shan su ba ƙa'ida yana illata ciki da ƙoda.

Tukunyar da ke gina jiki

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hatsi da dawa suna ba da ƙarfi, amma sun gaza a wani amino asid mai suna laisin, wanda wake ke da shi da yawa, kuma jiki na buƙatarsa wajen ɗaure zaren kolajin. Don haka tuwo da miyar wake, shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosai da kunu, duk haɗi ne mai cika juna. Fura da nono, ƙwai, hanta, fara, ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale, kowanne yana ƙara nasa. Ƙananan kifaye busassu, irin na tafkin Madarumfa da na Tabalak da na kogin Kwara da na yankin Difa, idan aka daka su duka da fata da ƙashi aka zuba a miya ko a kunun yaron da ya wuce wata 6, an sami kolajin ɗin kifi, an sami cikakken furotin, an sami sinadarin ƙarfafa ƙashi, duk a cokali ɗaya.

Bitamin C kuma yana cikin lemun tsami, lemun zaƙi, gwaiba, mangwaro, gwanda, tumatir, tattasai, kabeji da garin ƴaƴan kuka. Babban mutum kimanin miligiram 45 yake buƙata a rana, gwaiba ɗaya ta wuce haka. Doguwar dahuwa da shanya suna kashe shi, saboda haka a ci wani abu ɗanye da aka wanke da kyau, ko a matsa lemun tsami bayan an sauke tukunya. Yana kuma taimaka wa hanji ya tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi akasin haka yake yi, don haka mai ciki da mai shayarwa su ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi.

Ga wanda ya ce sai ya saya

Babba mai wadata da ya cika haƙƙin iyalinsa, kuɗinsa nasa ne. Sai dai ya sayi kayansa a farmasi sananne, ya duba ranar ƙarewar aiki da jerin abin da ke ciki. Ya guji wanda aka ƙulla a leda ba suna, da wanda aka haɗa da alkawarin hasken fata ko ƙiba ko warkar da cututtuka barkatai. Wanda kifi ke sa masa ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi kada ya kusance shi. Mai ciki, mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda su nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. Kada a ba yara, kada a ci bashi dominsa, kada a sayar da akuya ko hatsin rumbu, kada kuma a ajiye maganin da likita ya rubuta saboda shi.

Ku masu faɗakarwa, idan kuka tarar da gwangwanin nan a wani gida, kada ku kunyata mai shi. Son gyara da son lafiya ne suka sa ta saya, kuma dukansu abin yabo ne. Ku zauna ku tambaye ta abin da ke damunta, ku duba tafin hannunta da cikin idonta, ku auna damtsen yaranta, ku danna ƙafafunsu, ku yi lissafin tiya tare da ita. Wanda ya kamata a kai likita a kai shi tun da sauran rana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.